Shekarar da Na Buga wa Baba Tola Sitensil

Na san abin da ake faɗa a bayana, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗa mini a gabana. Ana cewa shekarar da Rifkatu ta haifi Alheri, ni da aka ɗauko tun daga Kafanchan don renon jika, na bar jikar na tafi renon wani tsohon Bature. Wasu sun ce kwaɗayi ne. Wata a coci, Allah ya gafarta mata, cewa ta yi miji nake nema da tsufana. Yanzu da idona ya fara rauni, yatsuna kuma suka fara gardama, ina so in rubuta muku yadda abin ya faru, ke Rifkatu, da kai Yohanna da kake can Jos kana jin labari rabi-rabi, da ke Alheri in kin yarda kin koyi karatun Hausa. Ba zan ce muku na yi daidai ba. Har yau in na zauna na juya maganar, ba ta tsaya mini wuri ɗaya.

Kun san da tafireta na ciyar da ku bayan rasuwar babanku. Sama da shekara ashirin ina ofishin makarantar sakandare, duk takardar jarrabawar da ta shiga aji ta hannuna ta bi. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda na koma bayan na iso Amirka. Rifkatu tana da ciki lokacin, ita da mijinta Bulus suna haya a Springfield. Wata biyu da zuwana cikin ya zube. Na biyu ma haka. Sai na zama kakar da ba ta da jika, ina zaune a falo ina kallon taga. Inji ke wanki, inji ke wanke kwanuka. Ranar da na ce wa Bulus ya kawo in buga masa wata wasiƙa, murmushi ya yi, ya ɗaga wayarsa ya yi mata magana, ta rubuta masa kafin in gama gyara zama. Ba da mugunta ya yi ba. Amma na shiga ɗaki na dubi hannuwana na daɗe. Shekara uku na yi a haka, har su Rifkatu suka sayi gida a Fort Washington, hayin kogi. Ni kuma na yi ɗan kwas na kula da tsofaffi, aka tura ni wani gida a Annandale, in kwana can Litinin zuwa Juma'a, in koma wurin Rifkatu ranar Asabar.

Mai gidan sunansa Torleif. Harshena ya ƙi sunan, na ce masa Baba Tola, ya amsa. Mutumin ƙasar Norway ne, dogo, ya kusa casa'in. Ya yi koyarwa a ƙasarsu yana saurayi, sannan ya zo nan ya koyar da harsuna har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu. 'Yarsa ɗaya, Marit, a nan aka haife ta, ba ta jin yaren ubanta sai gaisuwa da sunayen abinci. Ciwon mantuwa ne ya kama shi, kuma abin da ya fara kwashewa shi ne Turancinsa. Da rana mukan yi hira da Turanci kaɗan-kaɗan. Da safe kuwa sai yarensu.

Kullum da misalin takwas da rabi sai ya ɗaura lakataye a wuya a kan rigar barci, ya ɗauki tsohuwar jakarsa ta fata, ya buɗe, ya ga ba komai a ciki, hankalinsa ya tashi. Ya buɗe durowa, ya ɗaga matashin kujera, yana maimaita magana ɗaya. Na ji ta har na haddace: Hvor er stensilene? Marit ta ce farkon maganar yana nufin "ina suke", amma mene ne ake nema, ba ta tabbata ba. Ta tafi kanti ta sayo irin faranti na roba mai ramukan haruffa da ake ɗorawa a bango a shafa fenti. Ya karɓa, ya leƙe ta ta cikin ramin harafi ɗaya, ya ajiye a kan tebur kamar an ba shi takalmin wani.

Ni kuwa tun ranar farko kunnena ya kama wani abu a tsakiyar kalmar, amma ina jin kunyar in yi magana. Wace ce ni da zan fassara wa 'yar Bature yaren ubanta? Sai ranar nan na kasa haƙuri.

"Marit," na ce, "ba wannan yake nema ba. Sitensil yake cewa. Na san shi. Aikina ne."

"Ai ga shi nan na sayo," ta ce.

"A'a. Takarda ce mai kakin zuma a jiki. Kina cire kirtanin tawada daga tafireta, ki buga da ƙarfi, haruffan su huda ta. Sannan a ɗaura ta a injin gurza takardu, a juya hannu, ta haifo kwafi ɗari uku."

Ta dube ni kamar ni ma ciwon ya kama ni. Amma mace ce mai ƙoƙari. Ta bincika a waya, ta samo wani mai sayar da tsofaffin kaya da ke da kwali guda, aka aiko bayan mako biyu. Ranar da na buɗe kwalin nan, ƙanshin ya bugo ni, sai ga ni a ofis a Kafanchan lokacin jarrabawar ƙarshen shekara, malamai sun yi layi a bakin ƙofa kowa yana cewa Madam Saratu a taimaka a fara da tawa. Na tuna ɗan kwalbar jan ruwa da muke shafe kuskure da shi, da yadda harafin o yake yanke tsakiyarsa ya faɗo in an buga da zafi. Da alfahari na miƙa wa Baba Tola. Ya shafa takardar, ya kai hanci, ya yi murmushi. Na ce a raina an gama. Sai ya girgiza kai, ya tura kwalin gefe, ya sake tambayarsa, wannan karon da hawaye. Na rasa inda zan sa kaina. Ya san abin, ya ji daɗin ganinsa, da sunansa yake kira, amma ba shi yake so ba.

Kwana uku bayan haka ina banɗaki ya buɗe ƙofa ya fita. A tashar bas ta bakin babban titi na same shi, da silifa, rungume da jaka, motoci suna wucewa kamar iska. Da Marit ta zo, ta ce in ya sake, ba ta da zaɓi sai gidan tsofaffi. A gabana ta kira ƙanwar ubanta a Norway, wata tsohuwa mai murya kamar ta namiji, ta buɗe muryar wayar muna ji. Da Marit ta faɗi kalmar, tsohuwar ta yi dariya har da tari.

"Takardun da malami ke raba wa ɗalibai a aji, su ke nan," ta ce da Turancinta mai nauyi. "Yana ganin zai makara aji ne, kuma bai shirya abin rabawa ba."

Na manta ba da ni ake magana ba, na sa baki. "Mama, wannan ai kwafi ne. Sitensil ita ce uwar, ɗaya ce tak, ba a raba ta. In an raba ta da me za a gurza?"

"A wurinmu duka sunansu ɗaya," ta ce. "Ko yanzu in likita ya miƙo mini takarda daga sabon inji, sitensil nake ce mata."

Ban gamsu ba. Shekara ashirin ina riƙe abu a hannuna, a ce mini a wata ƙasa sunansa ya sauka daga kansa ya hau kan wani. Amma washegari da ƙarfe bakwai na sauko da tafiretarsa daga saman kabad, na goge ƙura, na zauna, na ce, "Malam, me za a buga?" Ya tsaya yana kallona. Sai ya gyara tsayuwa, ya sa hannu a baya, ya fara magana. Ba na jin ko kalma ɗaya, don haka harafi-harafi yake ba ni. Tafiretar tana da haruffa uku da ban taɓa gani ba: a mai ɗan zobe a ka, o da aka soke da sanda, da wani a da e manne da juna kamar tagwaye. Cikin mako guda yatsuna suka san gidajensu. In mun cika shafi sai in kai injin kwafi na ɗakin karatunsa in fitar da goma sha biyu. Ya bi kujerun teburin cin abinci da na falo yana ajiye ɗaya-ɗaya, ni in zauna a gaba, ya yi darasi kusan minti arba'in. In ya yi tambaya ya nuna ni, sai in ce "ja", wato i, ita kaɗai na iya. Wani lokaci ya ji daɗi, wani lokaci ya dube ni da tausayi. Daga ranar, muddin ina gidan, bai sake nufar ƙofa ba.

Wata safiya ya tashi da kansa garau, Turancinsa ya dawo kamar an buɗe famfo. Na ce yau sai na tambaya.

"Baba Tola, don Allah, me ya sa kuke kiran kwafi da sunan uwarsa?"

Fuskarsa ta yi haske. Ashe irin tambayar da ya shekara yana jira ke nan. Ya jawo takarda ya fara zane da kibiyoyi. Ya ce su mutanen Norway daga Ingilishi suka aro kalmar, tare da injin ta zo musu. Ingilishi kuma daga tsohon Faransanci suka samo ta, inda take nufin a ƙawata abu da launi mai ƙyalli. Faransawa su ma gado suka yi daga Latin, kuma a can asalin kalmar tartsatsin wuta take nufi.

"Tartsatsi?" na ce. "Ina ruwan wuta da takarda?"

"Tartsatsi yana ƙyalli," ya ce. "Sai aka kira ado mai ƙyalli da sunansa. Sai aka kira farantin da ake shafa adon ta ramukansa. Sai takardarki mai kaki, don ita ma ramuka ne. Sai abin da ya fito daga cikinta. Injin ya mutu, sunan bai ji labari ba."

Wayata tana kan tebur, sai na tuna mu ma waya muke ce mata, alhali ba ko zare ɗaya na waya a jikinta. Na gaya masa. Ya yi murna kamar an ba shi kyauta, ya sa na rubuta masa kalmar, ya maimaita ta sau uku. Duk da haka ban ce na gane ba. Waya taki ɗaya ta yi. Tasu ta yi huɗu, ta tashi daga wuta ta ƙare a kan kujerar falo. Da na so in ƙara tambaya bayan abincin rana, ya riga ya koma, yana tambayata ko ni ce sabuwar sakatariya.

Duk wannan lokacin cikin Rifkatu na uku yana girma, kuma wannan karon ya zauna. Ba mu cika maganarsa ba don tsoro. Kowa ya ɗauka, har da ni, cewa ranar da aka haihu na bar Annandale ke nan. Alheri ta zo da farkon bazara. Na ɗauki hutun mako biyu, na yi wa Rifkatu ruwan zafi, na dama mata kunu, na yi wa jaririya wanka yadda uwata ta koya mini. Aka tura wa Baba Tola wata mata a madadina. An ba ta tsofaffin shafukanmu ta riƙa miƙa masa, amma ya ƙi su, sabon darasi yake so, ita kuma ba ta taɓa taɓa tafireta ba. Ya daina cin abinci sosai. Ya sake fita, wannan karon 'yan sanda suka dawo da shi. Marit ta kira ni. Ba ta roƙe ni ba, ina so ku san wannan, kada a ɗora mata laifi. Cewa kawai ta yi ta sa sunansa a layin wani gidan tsofaffi mai kyau, amma ba za a samu gado ba sai wajen ƙarshen shekara. Na koma, ina ce wa kaina na 'yan makonni ne.

Wata ranar Asabar muna kicin a Fort Washington, Rifkatu tana ba yarinya nono, Bulus yana tsaye a bakin ƙofa.

"Mama," in ji Rifkatu, "Litinin ta sama hutuna zai ƙare, zan koma aiki asibiti."

"Na sani."

"To kin gaya musu kin bari?"

"Na ce musu zan tsaya har a samo masa wuri."

Ta ɗago kai a hankali. "Har yaushe ke nan?"

"Wataƙila wata biyar. Ko shida."

"Mama, shekara nawa muka yi muna roƙon yarinyar nan? Ke ce kika riƙa azumi. Yanzu ta zo, ki ce in kai ta hannun baƙi tana wata biyu?"

"Mutumin nan ba shi da kowa, Rifkatu."

"Yana da 'ya. Ni ce ba ni da kowa a ƙasar nan sai ke. Me kike yi masa da wata ba za ta iya ba?"

"Ina buga masa sitensil."

"Mene ne kuma sitensil?"

Na buɗe baki. Takarda mai kaki ta zo mini, da farantin roba, da kwafi goma sha biyu a kan kujerun da ba kowa, da tartsatsin wuta, duk a lokaci ɗaya. Na rasa ta inda zan kama. Ta yaya zan ce wa 'yata mai jego ina barinta ne don in buga maganar da ba na ji, a raba wa ɗaliban da babu su? Na ce, "Takarda ce dai." Bulus ya ce, "Mama, ki dai ƙara tunani." Rifkatu ta juya yarinyar zuwa ɗaya nonon, ta dubi bango.

Ranar Litinin da sassafe na hau bas na tsallaka kogi.

Ga abin da ya jawo, ban ɓoye ba. Rifkatu ta ajiye karatun ƙarin girma da ta riga ta samu gurbi, kuma ba ta sake komawa ba. Alheri ta tafi gidan reno, ta yi ta kwasar mura da ciwon kunne. Ranar Asabar in na zo, Rifkatu za ta rusuna ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ta kawo abinci, shi ke nan. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ga kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Gaskiya ne na ji tausayin Baba Tola, kuma na ji tsoron mota ta buge shi in na tafi. Amma ba shi ke nan ba. Tun da na sauka a ƙasar nan, a gidansa ne kaɗai wani ya tsaya a kaina yana jiran abin da yatsuna za su fitar. Da ƙarfe bakwai na safe a gaban tafiretar nan ni Madam Saratu ce. Ban so in rabu da wannan ba. Ko tausayin ne ya fi yawa ko son kaina, na auna na sake aunawa, kullum amsar daban take fitowa.

Da sanyi ya fara shigowa aka samu gado. Na raka shi, na jera masa kayansa. Bayan mako biyu na je dubiya, ya gaishe ni da ladabi kamar baƙuwa. Bai kai bazara ba. Bayan jana'iza Marit ta aika wa gwaggonta shafukan da muka buga, sun fi ɗari, don a gaya mata abin da ubanta yake koyarwa. Amsar ta zo, Marit ta karanta mini a waya. Na farko-farkon darasin nahawu ne sosai. Daga baya sai sunayen gonakin ƙauyensu, da yadda ake gyaran ragar kamun kifi. Na watan ƙarshe kuwa, in ji tsohuwar, ba yarensu ba ne, ba yaren kowa ba ne, haruffa ne kawai a jere. Ni kuma na buga su ɗaya bayan ɗaya ba kuskure, ina jin daɗin yadda saurina ya dawo. Na daɗe riƙe da wayar. Marit tana cewa na gode, na gode, ni ban san a kan me ba.

Amma na yi gaba da labari, bari in dawo baya. Ranar da na bar Annandale gaba ɗaya, da jakata biyu na iso Fort Washington, wajen ƙarfe shida da rabi na safe. Ban yi waya ba, don ban san me zan ce ba. Rifkatu ce ta buɗe ƙofa, cikin kayan aiki, makullin mota a baki, Alheri a kafaɗa an naɗe ta za a kai ta gidan reno. Ta dubi jakunkunan, ta dube ni. Ta cire makullin daga bakinta.

"An gama?"

"An gama."

Ta miƙo mini yarinyar. Alheri ta dubi fuskata, ta ga ba Asabar ba ce kuma uwarta na shirin tafiya, ta sandare ta fasa ihu, tana miƙa hannu baya. Na ce, "Karɓe ta, ba ta so na."

"Riƙe ta, Mama," in ji Rifkatu. "Madararta na cikin firji. Ba ta son a kwantar da ita ta hagu, kunnen ne."

Ta shiga mota. Na ga ta zauna ba ta tayar ba, ta kifa goshi a kan sitiyari na ɗan lokaci, sannan ta ja ta tafi. Na shiga gida na rufe ƙofa da ƙafa. Alheri, kin yi kuka ranar har kusan azahar. Na goya ki, na zaga falo da ke ban san sau nawa ba, na yi miki duk waƙar da na sani. Da kika gaji kika yi barci a bayana, ban yarda na sauke ki ba, a tsaye na ci abinci.